Yaya tsofaffin kwamfutocin kasuwanci suke ajiye haruffa da lambobi?

Tambaya: Malam, na ji cewa kwamfutocin da bankuna da kamfanonin inshora suka fara amfani da su ba su san bayit ba. To ta yaya suke riƙe sunan mutum da kuɗinsa?

Amsa: Gaskiya ne abin da ka ji: bayit, wato ma'aunin ma'adanar kwamfutar yau mai bit takwas (kowane bit 0 ne ko 1), daga baya ya zo. Bari mu ɗauki IBM 1401, wadda aka fitar a 1959 a Amurka, domin ita ce ta cika ofisoshi a lokacin, an ƙera fiye da 10,000.

Ma'adanarta wasu ƙananan zobba ne na maganaɗisu da aka saƙa da waya, kuma da harafi ake auna ta: ƙaramar tana ɗaukar 1,400, babbar 16,000. Kowane gurbi, wato mazaunin harafi ɗaya, yana da zobba takwas, kowane zobe ko a kunne ko a kashe. Shida su ne harafin kansa, ana kiransu B, A, 8, 4, 2, 1. Na bakwai na gano kuskure ne. Na takwas kuwa, wanda a ganina shi ne hikimar injin gaba ɗaya, alamar iyaka ce.

Ga amfaninta. Suna yana iya cin gurbi 20, albashi ya ci 6. Mai tsara shiri zai kunna alamar a gurbin farko na kowanne. Idan an zo tara kuɗi, injin zai faro daga lambar ƙarshe ta dama, yana tafiya hagu ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ɗan firamare yake yi a allo, har ya ci karo da alamar ya tsaya. Ba a ɓarnar gurbi ko ɗaya, kuma lissafin goma-goma ake yi, don haka sisin kwabo ba ya ɓacewa wajen juya lamba zuwa lissafin 0 da 1. Akanta ba ya yafe wannan.

Haruffan kuma daga kati mai huji aka gaje su, mai layi 80, kowane layi harafi ɗaya. Shi ya sa gurbi na 1 zuwa 80 nan kati yake sauka idan an karanta shi, 201 zuwa 332 kuma nan ake jera layin da za a buga a takarda. A katin, A zuwa I rukuni ɗaya ne, J zuwa R wani, S zuwa Z na uku. Zobban B da A su ke faɗin rukuni, sauran huɗun su faɗi matsayi. Alamar bashi ma ba ta da gurbin kanta: ana kunna B ne a kan lambar ƙarshe. Saboda haka idan aka buga ragin 125 ba tare da gyara ba, 12N za a gani a takarda.

Zobba shida ba su wuce alamomi 64 ba, shi ya sa babu ƙananan baƙaƙe, balle ɓ da ɗ da ƙ namu, waɗanda Unicode, tsarin haruffan duniya da ake amfani da shi yau, ta ba su gurbi tabbatacce.

Bayit mai bit takwas ya kafu ne da injinan System/360 na IBM a 1964, tare da tsarin haruffa na EBCDIC. Amma rukunan katin nan uku sun bi shi: har yau a manyan injinan IBM akwai giɓi tsakanin I da J, da tsakanin R da S, kuma mai rubuta shirin da ya ɗauka haruffa a jere suke zai sha mamaki.