Amsa: kai yaro ɗan shekara 3 kallon wasan wuta a bakin teku

'Yar'uwa, kin tambaya ko za ki iya kai ɗanki mai shekara 3 kallon wasan wuta da dare a bakin teku lokacin hutunku. E, ki kai shi, amma ku zauna nesa da inda ake harbawa, aƙalla mita 150 zuwa 200, kuma ki sa masa abin kare kunne irin mai rufe kunnen gaba ɗaya. Ƙananan da ake cusawa a ramin kunne ba su dace da shi ba, zai zare su ya kai baki. Ƙarar fashewar a kusa tana kaiwa desibel 150 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar yara a 120.

Sharaɗin da aka fi mantawa shi ne iska. Da yamma takan kaɗo daga teku zuwa tudu, ta kwaso hayaƙi da toka ta zuba kan masu kallo, don haka ki duba inda ganyen kwakwa ke karkata, ku zauna ta inda iskar ke fitowa. In yana da asma, maganin shaƙarsa ya kasance a hannunki. Ki tambayi masaukinku lokacin cikar teku, domin ruwa yakan hau rairayi cikin duhu ba a ankara ba. Takalmi kada ya fita daga ƙafarsa, ɓurɓushin da ke faɗowa yakan jima da zafi a cikin yashi.