Ciki, hanji da uwar hanji: ina maganin zai sauka?

Wata mai karatu ta aiko da tambaya: likita ya ce tana da gyambon uwar hanji, shin ɗaya ne da gyambon ciki? Kuma me ya sa aka hana ta tauna ƙwayar maganin?

Malama, ba ɗaya ba ne. "Ciki" kalma ce mai faɗi, ta haɗe duk abin da ke tsakanin ƙirji da mara. Jakar da abinci ke fara sauka ita ce tumbi, kuma gyambonta ne aka saba kira gyambon ciki ko olsa. Daga nan sai ƙaramin hanji, sai babban hanji, wanda ake kira uwar hanji. "Uwa" a nan girma take nufi, kamar a "uwar ɗaki". "Gyambo" kuwa miki ne da ya daɗe bai warke ba, shi ya sa kalmar ta dace da wannan ciwo na uwar hanji mai lafawa ya sake tashi, da zawo mai jini da majina.

Batun tauna ya fi muhimmanci. Muna cewa "sha magani" ko na ruwa ne ko ƙwaya, amma a nan "haɗiye" ce kalmar da ta dace. Maganin mesalazin, wanda ake bai wa masu wannan ciwo, a jikin bangon hanji yake aiki. In ya narke da wuri, ƙaramin hanji zai tsotse shi ya shiga jini kafin ya kai inda ciwon yake. Don haka ake lulluɓe ƙwayar da wani ɓawo da ke jure tsamin tumbi, inda ma'aunin tsami da ake kira pH yake tsakanin 1 da 3, ba ya narkewa sai ma'aunin ya kai 6 ko 7, can wajen ƙarshen ƙaramin hanji. Hausawa na cewa "a bar kaza cikin gashinta", ma'ana kada a buɗe abin da rufinsa ne alherinsa. Wanda ya tauna ƙwayar, ko ya fasa ta, ko ya niƙa, ya fige kazar ke nan.

Akwai wata dabarar a maganin salfasalazin: an ɗaure mesalazin da wani sinadari, ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a uwar hanji ne ke kwance ɗaurin. Shan maganin kashe ƙwayoyin cuta kan rage su, aikin ya raunana.

Zawo mai tsanani ma kan sa ƙwaya ta wuce ba ta narke ba. Idan kina yawan ganinta a bayan gida ba ta fashe ba, ki sanar da likita, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wani kuma ya tambayi bambancin magungunan da ake sakawa ta dubura: na cusawa da na ɗurawa. Na cusawa, yawanci giram 1, iyakarsa ƙarshen hanji kusa da dubura. Na ɗurawa ruwa ne, yana haurawa ɓangaren hagu na uwar hanji. Da dare ake yinsa, a kwanta ta gefen hagu, a riƙe shi har safe in zai yiwu.