Abin da ya zaunar da ni a ƙauye da wannan sana'ar

Ka tambaye ni wai Oga me ya zaunar da kai a ƙauye alhali da a Kano kake gyaran inji da tuni ka yi bene, kuma don me kake gyara tuƙa-tuƙar unguwa kyauta, kana kuma bin manoma bashi har sai sun cire tumatir. Toh yaro zauna ka ji.

Gidanmu maƙera ne kaka da kakanni, Baba Allah ya jiƙansa garma da fartanya da lauje yake ƙerawa, ni kuma zuga-zugi ne aikina na farko tun ban iya ɗaure wando ba. A lokacinsu manomi ba ya zuwa da kuɗi, a gyara masa garma da bazara, in kaka ta yi ya aiko da damin gero ko dawa har gida, ba takarda ba shaida. Da aka gama dam ɗin Tiga a 1974 aka jawo ruwa ta Bunkure da Kura da Kadawa da Garun Malam sai noman rani ya zama sana'a sosai, wanda kanal bai kai gonarsa ba da mutanen fadama suka ajiye jigo suka koma injin ban ruwa, balle da shirin gwamnati na Fadama ya shigo bayan 1990, injina suka cika ko ina. Kaga ƴaƴan waɗanda Baba ya yi wa garma su ne suke kawo min inji yau. Ƙarfen ne kawai ya canza, mutanen dai su ne, shi yasa bashin da kake gani ba ni na ƙirƙiro shi ba, tarar da shi na yi.

Amma fa bashin yana da ƙa'ida, ka riƙe wannan da kyau. Kuɗin kaya a biya nan take, don mai shago a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ba zai ba ni ringi da fistin ya jira tumatir ya nuna ba. Kuɗin hannu shi ake jira, kuma a rubuta a littafi a gaban mai shi. Manomin rani duk abin da ya mallaka ya zuba a taki da iri da mai da magani, in injinsa ya tsaya daidai lokacin da tumatir ke fure ka ce sai ya kawo kuɗi, furen zai zube, shi ya faɗi kai ma babu mai biyanka. Ka tada masa inji, in motoci suka fara lodi a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan da ƙafarsa zai zo. Ba kullum ba ne kam, a 2016 da tsutsar nan da ake cewa sharon ta cinye gonaki, shafuka da yawa na ja musu layi kawai, wa zaka kama? Amma shekara ta zagayo kusan duka nan suka dawo da injinansu.

Wani abun kuma da birni ba zai baka ba shine sanin mai injin. Ni kafin na kwance inji na san ciwonsa saboda na san hannun da ke tada shi. Wane ba ya cika ruwa a fanfon kafin ya ja igiya, toh sil, wato abin da ke hana ruwa yoyo, ya ƙone. Wane baƙin mai sai ya koma kamar kwalta yake juyewa, alhali irin injin Honda GX160 ɗin nan da ƴan Chanan da aka kwaikwaya ko lita ɗaya basa sha. Wani kuma ya zo yana rantsuwa inji ya mutu, ka je ka tarar ruwan rijiyar ne ya yi ƙasa, in ya wuce kamar mita 7 ko sabo dal ne ba zai jawo ba, sai dai a haƙa rami a sauke injin ko a duba tiyo ko yana shan iska. Wannan ba a shago ake koyonsa ba, sai ka hau mashin ka shiga gona.

Maganar tuƙa-tuƙa kuwa, ba kyauta ba ce gaba ɗaya, kwamitin unguwa ne ke haɗa kuɗin roba da bawul, ni hannu nake bayarwa. Masu zuwa su haƙa burtsatse a ɗauki hoto a tafi suna da yawa, mai dawowa ranar da ta lalace ne babu, kuma yawanci ɗan abu ne ƙarami. In tuƙa-tuƙar samfurin Afridev ce ma rodi kawai zaka zaro ka canza roba ba sai ka taɓa bututu ba, India Mark II ce mai wahala, ita sai an fito da bututun ƙarfen ɗaya bayan ɗaya, sai da majiya ƙarfi. In na ƙi zuwa mata da yara kududdufi za su koma, daga nan sai amai da gudawa, kuma Inna da ƙannenka na gidana ruwan nan suke sha. Wallahi ko don kaina ma zan gyara.

Ban ce birni ba kuɗi ba, akwai, kuma a hannu ake biya. In ka yaye kana son tafiya ba zan riƙe ka ba, sai dai ka lissafa hayar shago da ta ɗaki da abincin da nan daga rumbu kake ci. Ni abin da nake so ma ka je Kano ka koyo shi ne haɗa sola. Tunda aka cire tallafin mai a 2023 manoma suka fara mayar da inji gas, muna canza musu kafireta, masu hali kuma sun koma fanfon sola, ni idona ya fara gajiya da ƙananan wayoyin nan, kuma duk yankin nan masu gyaran su ba su da yawa. Ka bari a gama ban ruwan bana tukun, zan yi magana da babanka, akwai wanda zan haɗa ka da shi a Sabon Gari.