Ruwan Gora Yana Wari: A Canja Kamfani Ko A Wanke Inji?

Wata Hajiya mai shago a Aboabo, Kumasi, ta aiko da tambaya. Tana sayar wa gidaje da ofisoshi manyan gorunan ruwa masu lita 19, tare da injin da ake kifa su a kansa, wato difensa. Masu saye sun fara ƙorafin cewa ruwan yana wari, wasu har sun daina karɓa, shi ne take neman shawara ko ta canja kamfani ko ta rage farashi.

Hajiya, kada ki rage ko sisi, domin ragi ba ya kawar da wari, sai dai ya sa a zaci kin san kayanki da aibu. Ki fara duba gorar: idan murfinta a like yake, kuma tana ɗauke da lambar rajistar Hukumar Abinci da Magunguna ta Ghana, wato FDA, ki buɗe sabuwa ki ɗanɗana kafin ta hau inji. Idan ruwan lafiya lau yake, to laifin na injin ne. A cikin tankinsa da bakin famfonsa ƙwayoyin cuta kan taru su yi wani yauƙi mai santsi wanda zuba sabon ruwa ba ya cire shi, kuma mutane da yawa sukan shekara ba su leƙa ciki ba.

Wankinsa ba shi da tsada. A cire shi daga wuta, a sauke gora, a tsiyaye ragowar ruwan. A zuba babban cokali ɗaya na bilic (ruwan kilorin na wanke tufafi) marar ƙamshi, kimanin mililita 15, a ruwa lita 4, a goge tankin da shi, a bar shi minti 5, sannan a fitar da shi ta famfon sanyi, a ɗauraye har warin bilic ya ɓace. Ba a shigar da shi tankin ruwan zafi, kuma ba a haɗa shi da wani maganin wanki, domin haɗin kan fitar da iska mai guba. Farantin da ke tare ɗigo, wanda aka fi mantawa da shi, yana son sabulu kowane mako, ita kuwa gorar da ta zauna a rana gansakuka take yi.

A ganina nan ne kasuwarki take. Ki koya wa yaron da ke kai miki ruwa wannan aiki, ya riƙa zagayawa duk bayan wata 3. Wanda yake karɓar gora a hannunki a kai a kai, ki saka wankin cikin cinikinsa. Wanda ya sayi ruwa a wani wuri, ya biya lada. Kuɗin da za ki kashe na mota ne da hasafin yaro, don haka ki tsara zagayen unguwa-unguwa, ranar Asawase daban, ranar Alabar daban. Waɗanda suka ga annobar kwalara ta 2014, wadda ta fi tsanani a Accra, ba sa buƙatar dogon bayani kan tsabtar ruwan sha. Ki ajiye littafi mai sunan gida da ranar wanki, a kuma manna ranar a jikin injin, domin idan ƙorafi ya sake tasowa ki san ko inji za a duba ko kamfani za a kira.