Ina tattabarun daji ke kiwo da bazara a Ingila?

Malam, ka ce gonar da tattabarun daji suka cika da hunturu yanzu wayam, kana tambayar inda suka koma. Abinci suka bi. Daga Maris zuwa Mayu manoma na shuka sha'ir da wake, tsuntsayen kuwa tsabar da ta rage a saman ƙasa suke tsinta, ba sa tono kamar hankaka. Shi ya sa gona ɗaya ba ta riƙe su sai 'yan kwanaki. Daga nan sai ɗanyen ganye a makiyaya da tohon bishiyoyi.

Kafin ka ɗauki bindiga, zauna da la'asar ka ga hanyar da suke bi daga dajin da suke kwana zuwa gona. A ƙarƙashin hanyar za ka yi maɓoya, iska na bayanka. Yawancin masu dawowa hannu rabbana sun zauna ne inda suka ga tsuntsu jiya. Wadda ka fara harbowa, buɗe maƙoƙonta ka ga abin da ta ci.

Kada ka shiga gona ba izinin mai ita. Harbin ya halatta ne don kare amfanin gona, ƙarƙashin GL42, lasisin bai-ɗaya da gwamnati ta fitar kan tsuntsaye masu ɓarnar amfanin gona, bindigar kuma sai da takardar 'yan sanda. Ƙungiyar maharba ta Birtaniya, BASC, za ta fayyace maka sharuɗɗan.