Kafin mai Golf ɗinnan ya kama hanyar Turaif

Salam ɗana, naji saƙonka na murya tun bayan isha'i, sai yanzu na samu zama. Kace mai Golf GTI ɗinnan da muke yiwa sabis an maida shi aiki Turaif, can bakin iyakar Jodan, yana tambaya ko sanyin can zai kashe masa tirbo, na'urar nan dake cusa wa inji iska dan ƙara masa ƙarfi, kai kuma kace masa ya zuba bakin mai mai kauri 20W-50 sannan kullum da safe ya bar motar a kunne a tsaye rabin awa. Dan Allah ka kira shi ka janye maganar nan, duka biyun.

Banga laifinka ba, a Jidda ka koyi aiki inda ko a Janairu da riga ɗaya muke fitowa warsha. Ni nayi shekaru a Tabuk kafin na sauko nan, naga safiyar da sifana ke manne wa mutum a tafin hannu dan sanyi, kuma Turaif tafi Tabuk, da hunturu ƙasa da sifiri take sauka.

Sanyi shi kaɗai baya kashe tirbo. Minti goman farko ne ke kashe shi. Ka tuna wanda muka kwance kwanaki, sandar cikinsa bata fi kaurin fensir ba, hayaƙin inji ke juya ta har sama da sau 150,000 a minti ɗaya, kuma ba akan komai take zaune ba sai ɗan siririn bakin mai da famfo ke turo mata ta wani bututu ƙarami. To ka ɗauki 20W-50 da ya kwana a sanyi ka tsiyaya, kamar zuma yake zuba, kafin ya ratsa bututun nan ya isa sama mutum ya riga ya taka totur, ƙarfe na cin ƙarfe, ba ranar zai ji ba sai bayan watanni yaji fito kamar na jiniya ga shuɗin hayaƙi a salansa. Lambar dake gaban W ɗinnan ta sanyi ce, 20W a digiri -15 ake gwada shi, 5W a -30, 0W kuma a -35. Ya buɗe littafin motar ya zuba abinda kamfani ya rubuta, sintetik zalla, galibi 5W-40 ko 0W-40, sababbin ma har 0W-20 ake basu.

Maganar barinta a kunne kuwa, inji a tsaye baya ɗumama da wuri, fetur ne kawai yake wanke jikin silinda yana gangarawa cikin bakin mai yana tsinka shi. Minti ɗaya ya isa, sai ya ja a hankali kar juyin inji ya wuce 3,000 a minti, kuma kar allurar zafin ruwa ta ruɗe shi dan ruwa yana riga bakin mai ɗaukar zafi, motarsa tana nuna zafin bakin mai a allon gaba, ya bari yaga ya kai wajen digiri 80 tukuna kafin ya taka ta. Anan ake samun matsala da samari, iskar sanyi tafi nauyi, tirbo yana sonta, zai ji motar ta ƙara kuzari fiye da yadda ya santa a Jidda, ƙafarsa zata riƙa ƙaiƙayi. Ka faɗa masa ya daure. In kuma yayi doguwar tafiya da gudu kar ya kashe nan take, ya bata minti ɗaya ko biyu ta huce.

Sai lagireto, wannan shi yafi damuna wallahi. Nasan halin mutanenmu, ruwa ya ragu sai a ɗauko gorar ruwan sha a tuttula. A Tabuk an taɓa jawo min wata mota da asuba, mai ita ya taho daga kudu da ruwa zalla a ciki, na buɗe murfin na saka yatsa naji ƙanƙara, na leƙa ƙasa naga bulo, wato gangar jikin injin, ya tsage ta gefe, mutumin ya zauna akan tsohuwar taya ya dafe kai ya kasa magana. Ruwa in ya daskare kumbura yake da kusan kashi 9 cikin ɗari, ƙarfe baya iya riƙe shi. Ka zubar da na ciki kaf, ka haɗa kulan, wato ruwan sanyaya inji, irin na motar rabi da rabi da tataccen ruwa, wannan haɗin sai wajen -37 yake daskarewa. Tankin waifa ma a sa masa ruwan da baya daskarewa a sanyi.

Batir ka gwada shi, in ya haura shekara biyu a zafin Jidda ni dai canzawa zanyi, zafi ne ke cinye shi a ɓoye sanyi ya tona asiri. Tayoyin gudun nan nasa kuma da an sauka ƙasa da digiri 7 robarsu tauri take yi, riƙon titi ya ragu, iskar ciki ma ta ragu, ya riƙa aunawa da safe kafin ya motsa.

Wani abu kuma, in ya kira ka yace ya buɗe murfin bakin mai yaga wani fari-fari kamar kindirmo, kar kayi saurin cewa gasket ya ƙone. In gidansa da wajen aiki kusa ne, raɓa ce ke taruwa dan injin baya yin zafin da zai ƙone ta. Ya duba ko kulan na raguwa, in baya raguwa ya hau babban titi rabin awa sau ɗaya a sati, kuma ya riƙa juyen mai da wuri. A Kanada da ake kaiwa -30 har hita suke sawa a jikin bulo su jona da wutar gida ta kwana, shi dai baikai nan ba.

Kace ya kawo ta ranar Asabar da safe, kayi juyen mai da kulan ɗin da hannunka, ni zan tsaya a gefe ina kallo.