Tambaya da Amsa: Kwamfutata Ta Ƙi Tashi, Fanka Kaɗai Ke Juyawa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ƙaramin shagon buga takardu a Gwammaja, kuma kwamfutar tebur da nake aiki da ita, a hannun wani na saye ta shekaru da dama da suka wuce. Tun shigowar hunturu ta fara rikita agogo da kwanan wata kowace safiya, sai ga shi makon jiya na kunna ta, fanka ta juya, ta yi ƙara sau uku, amma allo bai nuna komai ba. Wani yaro ya ce a yi mata fomatin, alhali takardun jama'a ne cike a cikinta. Ina mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a sana'a. Kafin komai, ina roƙonka kada ka bari a yi mata fomatin, domin ciwon da ka bayyana bai shafi Windows ba, kuma babu abin da fomatin zai haifar face asarar amanar da mutane suka bar maka. Duk lokacin da aka kunna kwamfuta, wata ƙaramar manhaja mai suna BIOS ce ke fara bincikar kayan ciki ɗaya bayan ɗaya, kuma idan ta iske matsala kafin allo ya kama, da ƙara take ba da labari. Ma'anar ƙarar ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma a tsofaffin kwamfutoci ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita idan tana kunne, shi ne abin zargi na farko.

Ka zare wayar wuta daga bango, ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 15 don ragowar wutar ta fita, sannan ka buɗe murfin gefe. Ka taɓa ƙarfen akwatin da hannunka kafin ka taɓa komai, saboda a bushewar hunturu jiki yana tara irin wutar nan da ke tartsatsi idan mutum ya cire rigar sanyi, kuma kaɗan daga cikinta ya isa ya kashe ram. Za ka ga wasu siraran faifai a tsaye, su ne ram ɗin, kowane da 'yan maƙalai a bakinsa. Ka buɗe maƙalan, ka zaro su, ka goge bakinsu mai ruwan zinare da kilinar fensir har ya yi haske, ka kaɗe ƙurar gurbinsu da busasshen buroshi, ka mayar da guda ɗaya tak har ka ji ya ce ƙas. Idan ta tashi, sai ka ƙara na biyun. Idan ta sake yin shiru, ka gano mai laifin. Wanda ya san yadda ƙura ke kwanciya a kan teburin shago a Kano tsakanin Disamba da Fabrairu ba zai yi mamakin abin da zai tarar a cikin akwatin nan ba.

Rikicewar agogo kuwa alama ce ta daban wadda bai kamata a raina ba. Akwai wani batir mai kama da kwabo a kan babban faifan da sauran kayan ciki ke jone da shi, lambarsa CR2032, ƙarfinsa bolt 3, kuma shi ke riƙe lokaci da saitin BIOS idan an ɗauke wuta. Naka ya mutu. Masu gyaran agogo ma suna sayar da shi, sai dai ka lura gefen da ke da alamar tarawa ya kalli sama.

Idan duk wannan bai yi ba, sai a koma kan fawa-fak, wato akwatin da ke mayar da wutar gida zuwa bolt 12 da 5 da 3.3. Yana iya juya fanka alhali ya gaza ciyar da sauran kayan, musamman a shagon da ake yawan sauyawa daga wutar gari zuwa janareta. Wannan akwatin kada ka buɗe shi, domin yana riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare shi. A gwada da wani mai lafiya kawai. Wasu tsofaffin suna da jan makunni a baya mai nuna 115 da 230. Na 115 na wutar Amurka ne, don haka ka tabbata yana kan 230. Ka kuma duba 'yan gwangwanayen da ke tsaye a kan babban faifan, domin idan kan ɗaya ya kumbura ko ya yi tsatsa, aikin ya koma hannun mai gyara.

Ko da ta kai ga haka, mai yiwuwa ne ƙwarai takardunka suna nan lafiya a ma'ajiyar bayanai, wato hard disk, tunda ba ka ambaci wani ƙas-ƙas daga gare ta ba. Idan za ka kai ta wurin masu gyara a titin Beirut, ka ce a fara zaro ma'ajiyar a jona ta da wata kwamfutar, a kwafe maka komai a filashi a gaban idonka, sannan a shiga gyara.